Rage wa kwamfuta nauyi a situdiyo: daskarar da layin kiɗa da juye shi ya koma sauti

Waƙar zamani da ake sakawa a gidan biki a Ƙanƙara, ko wadda ke tashi daga lasifikar motar kamfen tsakanin Sheme da Faskari, galibi mutum ɗaya ne ya kaɗa ta, a ƙaramin ɗaki, gabansa laftof da ɗan fiyano da makirfo. Kalangu, sarewa, goge, bes, duk daga cikin manhaja suke fitowa. Kwamfutar kuwa ta hannu ce, an sayo ta a Funtuwa ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, mai ram gigabait 4 ko 8, ta riga ta ci zamaninta a wani ofis kafin ta iso nan. Layi biyar ko shida tana ɗaukarsu lafiya lau. Da an kai goma sha biyar, an ɗora filogin Kontakt biyu da Nexus uku, sai sauti ya fara ƙaraf-ƙaraf, ya tsinke, ya dawo. Kuma ba ya tashi yin haka sai mawaƙi ya sa abin kunne ya tsaya gaban makirfo.

Shawarar da kowa zai ba ka ita ce ka sayi sabuwar kwamfuta. Mai hali ya saya. Amma ko wanda ke da mafi ƙarfin kwamfuta yana aiki da hanyoyi biyun nan: daskarar da layi, wato abin da manhajoji ke rubutawa Freeze, da juye layi ya koma sauti, wanda 'yan situdiyo ke ce wa bawuns. Suna kama da juna, amma kowanne da ranarsa, kuma yawancin asarar da ake yi daga ɗaukar ɗaya a matsayin ɗayan take zuwa.

Idan ka buga fiyano manhaja ta ɗauka, umarni kawai ta rubuta: an taɓa maɓalli kaza, a lokaci kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi bayan kaza. Wannan shi ne MIDI, tun 1983 ake aiki da shi. Filogin, wato kayan kiɗan da aka ɗora a cikin manhajar, shi ne ke karanta umarnin ya ƙirƙiro sautin nan take. Ka kunna waƙar sau ɗari, sau ɗari zai sake lissafin daga farko. A shekarun 1990, lokacin da ƙananan fiyanon Yamaha na jerin PSR suka mamaye situdiyoyin Kano, fiyanon ne da kansa ke wannan aiki. Daga 1999, da kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da VST 2 wanda ya ba da damar saka kayan kiɗa a cikin manhaja, sai nauyin ya koma wuyan firosesan kwamfuta.

Firosesan kuma ba a ba shi lokaci mai yawa. Manhaja tana miƙa wa sawunkad sauti gutsure-gutsure, girman gutsuren shi ne bafa. A kan saurin ɗaukar sauti na 44,100 a daƙiƙa, bafar 256 na nufin dole dukkan filogin su gama lissafinsu cikin kusan kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa. Wanda ya makara, shi ne ƙaraf ɗin da kake ji. Kana iya ɗaga bafa zuwa 1024, lokacin ya koma kashi 23, ƙarar ta lafa. Wannan ya yi daidai a lokacin miksin. A lokacin ɗaukar murya kuwa ba zai yi ba, domin da shiga da fita jinkirin ya kusan ninkawa, mawaƙi zai riƙa jin muryarsa tana biyo shi a baya, ya rasa inda zai faɗa kan kiɗa. Ga kuma Auto-Tune da mawaƙanmu da yawa ba sa iya rera ko baiti ɗaya sai suna jin sa a kunne. Ana son ƙaramar bafa, ƙaramar bafa kuma tana son firosesan da ba a danne shi da kaya ba.

Sauti da aka riga aka juye ba ya buƙatar wannan lissafi, karanto shi kawai ake yi daga faifan ajiya. MIDI gari ne, sauti tuwo: garin kana iya yin abin da ka ga dama da shi, tuwo kuwa an huta da tuƙi, amma ba ya komawa gari. Daskararwa dabara ce ta samun duka biyun. Manhaja tana juye layin a ɓoye, ta kashe filogin, ta kulle MIDI ɗin, ta riƙa kunna abin da ta juye. Duk lokacin da ka so gyara, ka warware, komai ya dawo yadda ka bar shi. Bawuns kuwa sabon fayil ne na WAV da kake gani da idonka, kana iya yanka shi, ka maimaita shi, ka juya shi baya, ka tura wa wani a wani gari.

Kafin ka taɓa ko ɗaya, gano wane irin nauyi ne ke damun kwamfutar, domin iri biyu ne. Filogin irin su Serum da Sylenth1 firosesa suke ci, musamman sautin da aka ninka wa muryoyi don ya yi kauri. Kontakt kuwa ram yake ci, saboda sautukan kayan kiɗa na gaske da aka naɗa yake lodawa. Omnisphere yana cin duka biyun, ga ma'ajiyar sautukansa ta haura gigabait 60. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare yayin da waƙar ke tafiya, ka duba wanne ya cika. Idan ram ne, daskararwar da ta bar filogin a lode ba za ta tsinana maka komai ba, sai an sauke shi gaba ɗaya.

Akwai kuma zafi. Daga Maris zuwa Mayu, a ɗakin da aka liƙe da soso da kafet, aka kashe fanka don kada makirfo ya ɗauki ƙararta, firosesa yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Shi ya sa aikin da ya tafi sumul da safe yake shaƙewa da azahar. Ƙurar hunturu da ta toshe hancin fankar laftof tana ƙara lamarin, haka nan aiki a kan batir, domin Windows na rage wa firosesa ƙarfi da zarar an ɗauke wuta, sai in ka sa tsarin wutar a kan High performance. Layukan da aka daskarar suna rage zafin, fankar laftof ta yi shiru, batir ya ƙara jimawa. Ga mai ƙona fetur a janareta tun bayan cire tallafi a 2023, ko mai lallaɓa ƙaramar sola da inbata, wannan kuɗi ne.

Yaushe ake yi

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma ba laifin manhaja ba ne. A situdiyonmu mawaƙi ne ke zuwa da kari a bakinsa, makaɗi ya bi shi da fiyano ya nemo ki da tempo, sannan a gina kiɗa a ƙarƙashin muryar. Kada ka juye komai sai waɗannan biyun sun zauna daram. Kuma kada ka gwada ki da mawaƙi shi kaɗai. Idan akwai mai amshi, musamman mace, a ji ta tukuna, ko da ta waya ce. Sau da yawa kin da ya yi wa namiji daɗi yana yi wa mai amshi ƙasa da yawa ko sama da yawa, sai an ɗaga ko an sauke. A MIDI, wannan aikin daƙiƙa biyar ne. A sautin da aka juye, ɗagawar rabin mataki ko mataki ɗaya tana iya wucewa a kan goge da sarewa, amma bes da kalangu suna canza kama, kunne kuma yana ganewa. Haka sauya tempo: ana iya jan sauti ya tsawaita, sai dai bugun ganga yana rasa kaifinsa.

Abu na biyu shi ne tsawon waƙa. Waƙar biki ba ta da tsayayyen tsawo sai an gama ɗauka. Ana cikin aiki za a bugo waya a ce an manta da gwaggon amarya, a ƙara ƙawaye uku, a ambaci Alhaji wane da ya ba da gudummawa. Ta siyasa ta fi haka, kowane kansila yana son jin sunansa. Layin da aka daskarar a Cubase a kulle yake, ba ka iya matsar da shi ko ƙara masa tsawo sai ka warware. Don haka a irin waɗannan waƙoƙi na fi son a juye kiɗan gunduwa-gunduwa: zagayen baiti daban, na amshi daban, shiga daban, fita daban. Duk inda aka ƙara suna, sai ka kwafi gunduwar ka liƙa. Ya fi sauƙi, ya fi ƙarancin cin wuri.

Kafin ka danna komai, ajiye aikin da sabon suna. A FL Studio, Ctrl da N yana yin sabon kwafi mai lamba a ƙarshe. A Cubase, Ctrl da Alt da S. Wannan kwafin mai cikakken MIDI shi ne madogararka, kada ka sake taɓa shi. Sannan ka sa wa kowane layi suna na gaske, kalangu, bes, sarewa, domin fayil ɗin da za a juye sunan layin zai ɗauka. Duba kuma kada wani layi ya taɓa ja a mita.

A FL Studio

Wannan manhaja ta kamfanin Image-Line na Beljiyam ba ta da maɓalli guda na daskararwa irin na sauran, amma daga FL Studio 20, wadda ta fito a 2018, akwai hanyoyin da ke yin aikin. Idan ka tara kayan kiɗa da yawa a fatan ɗaya, fara raba su da Split by channel daga jerin umarnin fatan, kowanne ya samu layinsa a Playlist. Sai ka danna dama a kan sunan layin, ka zaɓi Consolidate this track, sannan From song start idan kana son fayil ɗin ya fara daga farkon waƙa. Manhaja za ta juye layin, ta ajiye sabon sautin a Playlist, ta kashe muryar na asali.

Taga za ta buɗe kafin juyewar, kada ka wuce ta da gaggawa. Cire alamar da ke kan Enable master effects. In ka bar ta, duk abin da ke kan layin masta, limita ne ko kwamfuresa, zai shiga cikin fayil ɗin, sannan in ka kunna fayil ɗin ya sake bi ta cikinsu karo na biyu, sauti ya fito a matse. Enable insert effects kuwa zaɓinka ne. In ka gamsu da ifek ɗin da ke kan layin, bar shi ya shiga, amma kada ka sake tura sabon sautin ta wannan layin miksar. In ba ka gamsu ba, cire alamar, ka juye shi tsurarsa, ka mayar da shi layin miksar da yake a da. Ɗaya daga cikin biyun, ba duka ba.

Don juye gunduwa, danna dama a kan fatan ɗin a jerin da ke gefen Playlist, ka zaɓi Render and replace. Duk inda ka yi amfani da wannan fatan a waƙar, sauti zai maye gurbinsa. A nan wurin Tail yake da muhimmanci. Leave remainder yana barin jelar sauti ta ƙare da kanta, Cut remainder yana datse ta, Wrap remainder kuwa yana naɗe jelar ya dawo da ita farkon gunduwar, don in an jera ta tana maimaituwa kada a ji gaɓa. Ga zagayen kiɗa mai eko, na ukun ne naka. Ka tuna cewa wannan hanyar ba ta ɗaukar otomeshin ɗin da ka zana a Playlist, in akwai shi sai ka bi ta Consolidate.

Bayan duk wannan, filogin ɗin yana nan a lode, muryarsa kawai aka kashe. Shiga Tools, sannan Macros, ka danna Switch smart disable for all plugins, don duk wanda ba ya fitar da sauti ya daina cin firosesa. Ram kuwa ba za ka same shi ba sai ka goge filogin ɗin daga Channel rack, abin da ba za ka ji tsoron yi ba tunda kana da kwafin farko. Masu FL Studio 12 ko wadda ta girme ta su kunna maɓallin ɗauka da ke ƙasan layin miksar, su danna Alt da R, su tabbatar Auto-create audio clip na kunne.

A Cubase

Nan daskararwa ta gaske take. Maɓallin yana gefen sunan filogin, a tagar da F11 ke buɗewa ko a sashen hagu na layin. Zai tambaye ka abu uku, na farko zaɓi ne tsakanin biyu. Freeze Instrument Only yana daskarar da kayan kiɗan kaɗai, ifek ɗin da ka ɗora suna nan a buɗe. Freeze Instrument and Channels yana haɗawa da su, ya fi rage nauyi. Tail Size shi ne daƙiƙu nawa za a ƙara a ƙarshe, sa 4 ko 5 ga sauti mai dogon eko. Sai Unload Instrument when Frozen, wanda shi ne ke sakin ram, don haka ga Kontakt kada ka tsallake shi. Bayan an daskarar, har yanzu kana iya ɗaga murya ko rage ta, ka kai ta hagu ko dama, ka gyara EQ. Fayilolin suna cikin wata folda mai suna Freeze a cikin foldar aikin, kada ka share ta da sunan neman wuri. Idan Kontakt ɗaya ne ke ɗauke da kayan kiɗa huɗu, dukkansu za su kulle tare.

Don bawuns, daga Cubase 8 ta 2014 akwai Render in Place a ƙarƙashin Edit. Dry yana juye kayan kiɗan tsurarsa ya kwafa saitin layin zuwa sabon, Channel Settings yana shigar da ifek da EQ cikin fayil ɗin, Complete Signal Path yana haɗawa har da abin da aka tura wa layin eko. Na ƙarshen mai haɗawa da masta, bar shi. Waɗanda har yau ke kan Cubase 5 ta 2009, kuma suna da yawa, su sa alamomin hagu da dama su rufe waƙar har da ɗan ƙari a ƙarshe, su shiga Export, Audio Mixdown, su zaɓi layin, su sa alama a Pool da Audio Track don fayil ɗin ya dawo cikin aikin da kansa. Channel Batch Export yana fitar da layuka da yawa a lokaci guda.

Sauran manhajojin ba su da wahala. A Ableton Live, danna dama a kan layi, Freeze Track, in ka so ya zama sauti na dindindin ka bi shi da Flatten, wanda ke share filogin ɗin. A Studio One, Transform to Audio Track, tare da alamar da ke adana yanayin kayan kiɗan don a iya komawa. Logic Pro ta masu Mac ce, tana da Freeze da Bounce in Place. Reaper tana da Freeze tracks to stereo da takwaransa na mono, kuma ga tsohuwar laftof ban san manhajar da ta fi ta sauƙin ɗauka ba. Ana gwada ta kwana 60 kyauta, lasisin ƙaramin mai sana'a dala 60 ne.

Wasu abubuwa suna ɓacewa a juyewa ba tare da ka lura ba. Ekon da layuka da yawa ke tarayya a kansa ta hanyar turawa ba ya cikin layin, yana nasa layin, in za ka aika wa wani sai ka fitar da shi daban. Bes ɗin da ka sa ya riƙa dusashewa duk lokacin da kik ya buga yana buƙatar jin kik ɗin a lokacin juyewa, in ka kashe kik sai dusashewar ta tafi. Mafi sauƙi shi ne ka juye bes tsurarsa, ka ɗora kwamfuresar a kan sautin. Wasu sautukan kuma ba sa fitowa iri ɗaya sau biyu, domin an sa musu canji na kai-tsaye a ciki. Saurari abin da aka juye daga farko har ƙarshe kafin ka amince da shi. Wanda kuma kiɗansa ke fitowa daga fiyanon PSR ko Korg na zahiri, ya sani babu maɓallin da zai daskarar masa da shi. Sai ya haɗa waya daga fiyanon zuwa sawunkad, ya kashe sauran muryoyin, ya naɗi kowane kayan kiɗa shi kaɗai, waƙar na tafiya da gudunta. Waƙar minti takwas mai kaya goma ta haura awa ɗaya ana naɗa, don haka a yi shi lokacin da wuta ta tsaya.

Akwai makaɗan da ke ƙin juyewa saboda tsoron kada gobe su so canza sautin sarewa. Ina ganin wannan tsoron ya fi cutarwa fiye da amfani. Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a nan Funtuwa, da shi da makaɗan kalangunsa da 'yan amshi a tare ake naɗarsu, abin da ya shiga ya shiga, kuma har yau, shekaru bayan rasuwarsa a 1999, ana sauraro. Makaɗin da ya bar kowace ƙofa a buɗe yana kwana uku yana sauya sautin goge, mai biki na jira.

Nauyin da ka ɗauke wa firosesa ya koma kan faifan ajiya, don haka a yi lissafi. Minti ɗaya na WAV sitiriyo a kan 44,100 yana cin kusan megabait 10 da rabi a bit 16, kusan 16 a bit 24, kusan 21 a bit 32. Ɗauki doguwar waƙar siyasa irin wadda Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja, ya yi fice da ita, a ce minti takwas, layi ashirin, bit 24: kowane layi megabait 127 ne, duka sun kai gigabait biyu da rabi. Kik, bes da kalangu guda ba su buƙatar sitiriyo, juye su mono ka rage rabi. Tsohon faifai mai juyawa yana iya shaƙewa idan layukan sauti suka yi yawa, kuma maye gurbinsa da SSD ya fi duk wani gyara da za ka yi wa tsohuwar laftof arha da tasiri. Yi aiki da bit 24, ko 32 in kana tsoron wani layi ya haura ja. Idan waƙar za ta shiga bidiyo, fara aikin tun daga tushe a kan 48,000.

Ga aikawa da ajiya

Daskararwa ba ajiya ba ce. Layin da aka daskarar yana rayuwa ne a cikin wannan manhajar kaɗai, kuma ranar da ka warware shi sai filogin ɗin yana nan, irin wancan, da sautukansa. Kwamfuta tana mutuwa, ana sace ta, ana sake mata Windows. Daga Cubase 9 ta 2016 an daina karɓar filogin masu bit 32, wanda ke nufin tsohon aikin da aka gina a kan Hypersonic 2 zai buɗe a sabuwar Cubase babu wannan sautin. Filogin da aka kwafo daga filashin wani kuwa ba shi da tabbas ko na kwana ɗaya. Na halal ɗin ma wasunsu suna neman intanet kafin a sake kunna lasisinsu, kuma mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, aka kwashe watanni babu sabis. Fayil ɗin WAV ba ya tambayar lasisi, kowace manhaja tana buɗe shi.

Shi ya sa duk waƙar da ka gama, ka fitar da kowane layi daban. A FL Studio, danna Ctrl da R, ka zaɓi WAV, ka kunna Split mixer tracks. Dukkan fayilolin su fara daga farkon waƙa, ko da sarewar sai a minti na uku take shiga, domin wanda ya karɓa ya jera su a gaɓar farko su hau kan juna. Rubuta tempo da ki a sunan foldar. Fitar da kiɗa zalla babu murya, da wani mai amshi babu jagora, domin wata amaryar za ta zo a kan wannan kiɗan, mawaƙi kuma zai nemi wanda zai hau a dandali. Ajiye MIDI ɗin ma, bai kai girman hoto ɗaya ba.

Wannan foldar ce kuma za ka tura wa mai miksin a Titin Gidan Zoo na Kano, ko Kaduna, ko Zariya, ba sai ka ɗauki kwamfuta ka bi hanyar Ɗandume ko ta Yankara ba a halin da hanyoyin ke ciki. Tambaye shi tun farko ko tsurar layuka yake so ko masu ifek. Yawanci za su ce a cire eko a bar abin da ya zama jikin sautin. Kada ka mayar da su MP3 don tsimin data: yana zubar da wani ɓangare na sautin, yana kuma ƙara ɗan shiru a farkon fayil wanda ke iya gocar da shi daga kan murya. In data ta yi tsada, FLAC yana rage girman kusan rabi ba tare da asarar komai ba. Matse foldar ta zama zip, ka tura ta WhatsApp a matsayin Document, wanda ke ɗaukar har gigabait 2.

Kafin ka tura, ko ka goge wani abu, buɗe sabon aiki fanko, sa tempo, jawo dukkan fayilolin zuwa gaɓar farko, ka saurara har ƙarshe kana kwatantawa da waƙar da ka gama. In wuta ta ɗauke ana tsakar juyewa, fayil na iya fitowa guntu ko ya ƙi buɗewa, kuma a nan za ka kama shi. Idan komai ya cika, kwafi foldar a wuri na biyu da ba cikin kwamfutar ba, a faifai ko filashin da ba ka sakawa a na'urar kowa, ka ajiye shi a gida, ba a situdiyo ba.